Harry Potter a gidajen Zango: me ya sa ake jayayya kan littattafan tsafi na yara?

A watan Yulin 2025 aka fara ɗaukar wani sabon shirin talabijin na Harry Potter a Ingila, wanda tashar HBO ta Amurka ke shiryawa da sababbin 'yan wasa. Labarin da wasu suka ɗauka ya tsufa zai sake shigowa gidaje ta akwatin tele da wayar hannu, tare da tsohuwar tambayar da ke biye da shi tun shekaru sama da 25: ya halatta yaro mai addini ya karanta ko ya kalli labarin da jarumansa matsafa ne?

Tambayar tana da nauyi na daban ga Hausawan Wagadugu, wato zuriyar mutanen Tiendpalogo da Zangouettin, da kuma 'yan uwansu na zangunan Bobo-Dioulasso, Abidjan, Kumasi da Lome. Yaro a irin waɗannan gidaje yana tashi da harsuna uku ko huɗu. Yana jin Hausa a tsakar gida, Larabci a makarantar allo ko madarasa, Faransanci a makarantar boko, harshen Mossi a kan titi. Littafin da ya ɗauko daga ɗakin karatu, ko ya saya hannun masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da kasuwar Rood Woko, sau da yawa mahaifinsa ba zai iya karanta shi ba. Abin da uban zai gani shi ne bango, da kalma ɗaya da kowa ya sani a Burkina Faso: sorciers.

Wane labari ne wannan?

Marubuciya 'yar Birtaniya J.K. Rowling ta fitar da littafi na farko a 1997, na bakwai kuma na ƙarshe a 2007. Kamfanin Gallimard ya buga fassarar Faransanci ta Jean-François Ménard tun daga 1998. An sayar da kwafi sama da miliyan 500 a duniya, cikin harsuna fiye da 80, har da Larabci, wanda kamfanin Nahdet Misr na Masar ya buga. Kamfanin Warner Bros ya mayar da littattafan finafinai takwas tsakanin 2001 da 2011, waɗanda suka tara kusan dala biliyan 7.7 a gidajen sinima.

Labarin na wani maraya ne da ke zaune a wulaƙance a gidan 'yar uwar mahaifiyarsa. Ranar da ya cika shekara 11 aka sanar da shi cewa an haife shi da baiwar tsafi, aka ɗauke shi zuwa wata makarantar kwana mai suna Hogwarts. A can ya yi abokai, ya koyi sarrafa sandar tsafi da hawa tsintsiya, ya kuma gano cewa mugun matsafin da ya kashe iyayensa yana nemansa. Littattafan bakwai suna bin shekaru bakwai na rayuwarsa, suna ƙara duhu yayin da yake girma. A ƙarshe ya miƙa kansa ga mutuwa domin ya tserar da sauran mutane, mugun kuma ya hallaka saboda kwaɗayin dawwama a duniya.

Kalma ɗaya da ta sauya ma'ana

Sunan littafin farko da Turancin Ingilishi yana magana ne a kan wani dutse na masu neman mayar da ƙarfe zinariya. Masu fassarar Faransanci suka sauya shi zuwa Harry Potter à l'école des sorciers. Ga yaron birnin Paris, sorcier mutum ne na tatsuniya mai doguwar hula. A Wagadugu kuwa, idan aka ce wa mutum sorcier ko sorcière, ana nufin maye, mai kama kurwa. Don haka uban da ya ga bangon, abin da ya karanta a zuciyarsa shi ne “Harry Potter a makarantar mayu”.

Hausa tana rarrabe abin da Faransanci ya haɗe. Maye daban, boka daban, matsafi daban, ɗan bori daban, mai dabo da rufa-ido a kasuwa shi ma daban. Yaran Hogwarts ba sa cin kurwar kowa, ba sa kiran iskoki, ba sa yanka wa dodo. Sun fi kama da jaruman tatsuniya masu layar zana da zoben da ake murzawa. Amma kalmar da ke kan bango ta riga ta yi aikinta kafin a buɗe shafi na farko.

Kuma a wannan ƙasa zargin maita abu ne da ke raba mutum da gidansa. Cibiyar Delwendé, wadda 'yan uwa mata na cocin Katolika ke kula da ita, ta daɗe a unguwar Tanghin kafin a mayar da ita Sakoula, tana karɓar ɗaruruwan mata, yawancinsu tsofaffi, da aka kora daga ƙauyukansu bisa zargin cin kurwa. Kundin hukunta laifuka na Burkina Faso na 2018 ya tanadi hukunci ga wanda ya jingina wa wani maita. Mutumin da ya san wannan ba zai ɗauki kalmar sorcier da wasa ba, kuma ba jahilci ne ya sa shi ɗar-ɗar ba.

Rikicin ya faro ne daga coci

Masu adawa na farko Kiristoci ne, musamman wasu majami'un bishara na Amurka. Hujjarsu tana cikin Littafi Mai Tsarki: babi na 18 na Kubawar Shari'a ya haramta duba da sihiri da tuntuɓar matattu, babi na 19 na Ayyukan Manzanni kuma ya ba da labarin mutanen Afisa da suka tuba suka ƙone littattafansu na sihiri. A ƙididdigar ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka, Harry Potter ne ya zo na ɗaya cikin littattafan da aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009. A ƙarshen watan Disambar 2001, wani fasto mai suna Jack Brock ya jagoranci ƙona littattafan a garin Alamogordo na jihar New Mexico. A jihar Georgia, wata uwa mai suna Laura Mallory ta kai ƙara tana neman a cire su daga makarantun gundumar Gwinnett, kotu ta yi watsi da buƙatarta a 2007.

Cocin Katolika bai tsaya a kan magana ɗaya ba. A 2003 Kadinal Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya rubuta wa wata marubuciya Bajamushiya, Gabriele Kuby, wasiƙa yana goyon bayan sukar da ta yi wa littattafan. Amma a 2009 jaridar fadar Vatican, L'Osservatore Romano, ta yaba wa fim na shida saboda yadda ya bambanta alheri da sharri. Shekara goma bayan haka wutar ta sake tashi. A 2019 wasu limaman Katolika a birnin Gdansk na ƙasar Poland suka ƙona littattafan tare da wasu kayayyakin da suka ɗauka na tsafi ne, har da sassaƙen fuska na Afirka, daga baya jagoransu ya nemi afuwa. A wannan shekarar ce kuma wata makarantar Katolika a Nashville ta Amurka ta kwashe su daga ɗakin karatunta, limaminta yana cewa kalmomin tsafin da ke ciki na gaske ne.

Masu kare littattafan sun amsa cewa kalmomin ƙirƙirarru ne, an ƙera yawancinsu daga Latin. Ita kanta marubuciyar ta ce ita Kirista ce, kuma a 2007 ta bayyana cewa jigon mutuwa da tashi da ke ƙarshen labarin yana da tushe a addininta.

Hujjojin malaman Musulunci

A ƙasashen Musulmi ma an samu matakai. A 2002 ma'aikatar ilimi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana amfani da Harry Potter a makarantu masu zaman kansu, cikin jerin wasu littattafai 26. Shekara guda kafin nan, a 2001, hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasan yara na Pokémon. A 2007 jaridar Kayhan ta Iran ta soki hukumomin ƙasarta saboda barin littafi na bakwai ya shiga kasuwa. Duk da haka ana sayar da littattafan a fili a Alƙahira da Istanbul da Jakarta.

Babu saɓani tsakanin malamai cewa sihiri haramun ne. Aya ta 102 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci Haruta da Maruta, ta danganta koyar da shi da kafirci. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sa shi cikin manyan zunubai bakwai masu hallakarwa, dab da shirka. Falaƙi, ɗaya daga cikin surorin farko da yaro ke haddacewa a makarantar allo, neman tsari ce har daga masu tofi a ƙulle-ƙulle. Inda aka rabu shi ne a kan hukuncin labarin da aka ƙaga game da sihiri.

Masu hanawa suna da hujjoji uku. Ta farko, labarin yana raba tsafi gida biyu, mai kyau da mugu, alhali shari'a ba ta san tsafi mai kyau ba. Ta biyu, jarumin yana fita daga kowace matsala da ƙarfin sandarsa da taimakon abokansa, ba a ganin yana addu'a ko dogaro ga Allah, kuma yaro yana koyi da wanda yake so. Ta uku, suna kawo aya ta 6 ta Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen banza domin ya kawar da mutane daga hanya. Wasu malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, Baƙuraishen da ke kawo labaran jaruman Farisa, Rustum da Isfandiyar, domin ya janye mutane daga sauraron Alƙur'ani.

Masu sassautawa suna amsa cewa laifin Nadru yana cikin manufarsa ta kange mutane daga gaskiya. Suna cewa ƙarya ita ce a faɗi abin da bai faru ba da nufin a gaskata shi, labarin da mai faɗa da mai ji duk suka san ƙage ne kuwa misali ne. Suna nuni da Kalila wa Dimna, inda dabbobi ke magana, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci tun ƙarni na 8, da kuma Muƙamatul Hariri, tarin ƙagaggun labarai da almajirai ke karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Agadas domin ƙwarewa a Larabci. A wurinsu ana auna labari ne da abin da yake bari a zuciyar mai karatu.

Hausawa ma suna da nasu

Adabin Hausa na boko da irin waɗannan labarai ya buɗe ido. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin mutumin da ya zaga duniya neman ruwan da ke warkar da cuta, har ya kai ƙasar aljannu, da Ganɗoki na yayansa Muhammadu Bello Kagara, wanda jaruminsa ya yaƙi Turawa sannan ya faɗa duniyar aljannu. Marubutan biyu 'ya'yan malami ne kuma alƙali, Bello Kagara kuma ya zama Walin Katsina. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce cikin kashi uku, inda aku ke ba da labarai. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi sawun tushen yawancin labaran, ya nuna an ɗebo su daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwa Grimm, da wasu littattafan Gabas da Turai, aka yi musu rigar Hausa. An shafe shekaru ana koyar da waɗannan littattafai a makarantun arewacin Najeriya, tashar NTA Kaduna kuma ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin.

Wannan zare bai yanke ba. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Daga shekarun 1990 kasuwar littattafai ta Kano ta cika da littattafan yaƙi, irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, masu cike da bokaye da aljannu da takubban tsafi, waɗanda samari ke karantawa kuma ake karanta su a gidajen rediyo.

Akwai dai bambanci da masu hanawa ke kafa hujja da shi, kuma bambancin na gaske ne. A mafi yawan labaran Hausa, tsafi yana hannun abokin gaba. Boka yana cin nasara a farko, a ƙarshe addu'a ta karya shi. Haka finafinan Kannywood ke yi: mace ta je wurin boka don ta mallake miji, asirin ya karye, ta yi nadama. A Harry Potter kuwa tsafi yana hannun jarumi, shi ne darasin da ake koya a aji, ana yin jarrabawa a kansa. Wannan juyin ne ke sa malamin da bai taɓa damuwa da Ganɗoki ba ya ɗaga gira.

Tatsuniyar baka ma tana da katangarta. Ana yin ta da dare, bayan an gama aikin yini. Ana buɗe ta da “ga ta nan, ga ta nanku”, a rufe da ƙurunƙus, mai bayarwa ya amsa da bakinsa cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Yaro yana jin ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma wadda ke ba shi labarin kakarsa ce, tana ganin fuskarsa, ta san lokacin da tsoro ya kama shi.

Abin da ya faru a Kano

Kano ce wurin da hukuma ta gwada shiga tsakanin mai karatu da littafi. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A watan Mayun 2007 gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona tarin littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Littattafan soyayya ne aka fi nufa, amma hujjar ita ce wadda aka ji a Alamogordo: kare tarbiyyar yara. A zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin hukumar, daga 2007, an nemi marubuta su yi rajista kuma a duba rubutunsu, abin da ya jawo taƙaddama da ƙungiyoyin marubuta. A 2023 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta kwashe littafin koyon karatu na Queen Primer daga kasuwa bisa zargin yana ɗauke da kalaman da ba su dace da yara ba.

Ƙonawar 2007 ba ta kashe rubutun ba. Cikin shekarun da suka biyo baya, kasuwar labaran Hausa ta koma waya, ana tura su ta WhatsApp da Wattpad, ana sauraron su a YouTube. Littafin takarda uwa tana iya ganinsa ƙarƙashin matashin kai. Wanda ke cikin waya sai wanda ya san lambar buɗe ta.

Fim ya fi littafi shiga gida

Yawancin yaran Zango ta fim suka san Harry Potter, a tashoshin Canal+, ko a katin waya da aka cika musu a shagon tura finafinai. Wannan yana da muhimmanci, domin littafi da fim ba aiki ɗaya suke yi ba. Mai karatu shi ke zana dodon a ransa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, kuma littafi mai shafi 600 da Faransanci yana tace masu karatunsa da kansa: ɗan shekara bakwai ba zai kai tsakiyarsa ba. Fim kuwa yana shigowa falo, babba da yaro da na goye duk suna kallo. Yana kuma zubar da dogayen bayanai na tunani da nadama, ya riƙe walƙiya da faɗa, saboda su ke sayar da tikiti.

Hukumomin tace finafinai na ƙasashen da suka shirya su ma sun san haka. A Amurka, fim na huɗu da ya fito a 2005 shi ne na farko da aka yi wa alamar gargaɗin cewa bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba sai da kulawar iyaye, saboda a cikinsa aka kashe ɗalibi a maƙabarta, aka kuma yi tsafi da jini da ƙashi. Wannan alama ba ta biyo fim ɗin zuwa katin waya.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Wasu littattafai biyu suna nuna cewa yawan tsafi a labari bai isa ya zama ma'auni ba. Philip Pullman, marubuci ɗan Birtaniya wanda bai ɓoye rashin imaninsa ba, ya rubuta littattafai uku tsakanin 1995 da 2000, waɗanda aka fassara da sunan À la croisée des mondes. A cikinsu hukumar addini ce azzaluma, kuma labarin yana ƙalubalantar ikon Ubangiji kai tsaye. Da aka yi fim ɗin kashi na farko a 2007, ƙungiyar Catholic League ta Amurka ta yi kiran a ƙaurace masa, duk da cewa masu shiryawa sun rage kaifin sukar. Fim ɗin ya ci kusan dala miliyan 180, bai samu kasuwa a Amurka ba, aka fasa yin ci gabansa.

Littattafan Narnia guda bakwai na C.S. Lewis, da suka fito tsakanin 1950 da 1956, su kuma majami'u da yawa maraba suka yi da su, har aka tallata fim ɗin 2005 ta hanyar coci-coci, alhali akwai mayya da tsafi a ciki. Dalili shi ne zakin labarin, Aslan, yana wakiltar Almasihu ne bisa aƙidar Kirista: an kashe shi a madadin mai laifi, ya tashi. Masu nazari sun kuma soki yadda Lewis ya siffanta mutanen Calormen, baƙaƙe masu rawani da lanƙwasassun takubba, a matsayin abokan gaba. Uba Musulmi da ya hana Harry Potter saboda bango, ya bar Narnia saboda hoton zaki, bai san wanne ne ya fi taɓa aƙida ba. Haka ma uba Kirista da ya sayo Pullman don ya ga hoton yarinya da farar dabba.

A Wagadugu, hukuncin na gida ne

Burkina Faso ƙasa ce da tsarin mulkinta ya raba addini da hukuma. Ƙidayar 2019 ta nuna Musulmi kashi 63.8 cikin ɗari ne, Katolika 20.1, Furotesta 6.2. Yaron Zango yana zama benci ɗaya da 'ya'yan duk waɗannan, suna musayar littattafai da finafinai. Hausawa tsiraru ne a nan, ba su da gwamna ko hukumar tacewa da za ta yanke musu hukunci irin na Kano. Abin da ya rage shi ne uba da uwa da malamin islamiyya.

Su ma waɗannan an raba musu wuri. A 2003 aikin ZACA, na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi a tsakiyar birni, ya rushe tsofaffin unguwanni da suka haɗa da Zangouettin da Tiendpalogo da Peuloghin, aka mayar da dubban mazauna zuwa filaye a gefen Ouaga 2000 da Nioko. Manyan gidajen da kaka da jikoki ke kwana a tsakar gida ɗaya sun watse, kuma tatsuniya ba ta rayuwa sai da irin wannan zama. Gurbin da ta bari shi tele da waya suka cika.

Birnin yana da wata amsa tasa. Wagadugu ce gidan FESPACO tun 1969, kuma masu shirya finafinai na yankin sun daɗe suna magana a kan maita da idon gida. Yaaba na Idrissa Ouédraogo, na 1989, labarin wani yaro ne da ya yi abota da tsohuwar da ƙauye ya kira mayya, ya riƙa kiran ta kaka. Delwende na S. Pierre Yaméogo, na 2005, ya bi wata mata da aka kora bisa irin wannan zargi. Kirikou et la Sorcière na Michel Ocelot, na 1998, wanda Youssou N'Dour ya yi wa kiɗa, ya ginu ne a kan tambayar da ƙaramin yaro ya nace da yi, wato dalilin da ya sa mayyar ta zama muguwa, har ya gano ƙaya ce aka soka mata a baya. Duk ukun akwai kalmar maita a cikinsu, kuma abin da suke koya wa yaro shi ne ya yi bincike kafin ya jefi tsohuwa.

Abin da iyaye za su iya dubawa

Malamai za su ci gaba da saɓawa, kuma gidan da ya zaɓi hanawa yana da hujjarsa, kamar yadda gidan da ya bari yake da tasa. Amma akwai tambayoyin da ke taimaka wa kowane ɓangare. Shekarun yaron nawa, kuma ya kai ya bambanta ƙage da gaskiya? Kashi na nawa ne a hannunsa, tunda na farko da na bakwai ba na masu shekaru ɗaya ba ne? Labarin yana koyar da wani abu da za a iya aikatawa a zahiri, kamar duba da zuwa wurin boka, ko kuwa tsintsiya ce mai tashi wadda ba ta wanzu ba? Wa ya ci nasara a ƙarshe, kuma da wane hali? Yana sa yaron sakaci da salla da hadda, ko yana hana shi barci?

Uban da bai iya Faransanci ba yana da hanya mai sauƙi: ya sa yaron ya ba shi labarin da Hausa, babi bayan babi, bayan sallar isha'i. A nan zai ji abin da ya zauna a kan ɗansa. Yaron kuma dole ya nemo kalma, ya yanke ko Harry maye ne, ko boka, ko matsafi, ko kuwa babu ɗaya daga ciki da ta dace da shi. Idan ya kasa, ga kaka nan a tambaye ta. Idan an gama, sai a nemo masa Ruwan Bagaja daga hannun masu zuwa Kano ko Maraɗi, ya gwada Alhaji Imam da Malam Zurƙe da yaran Hogwarts, ya faɗi wanda ya fi wayo.